Binciken unguwa: yadda ake ƙirga yara, ruwa da sintiri a samu adadin da za a yi aiki da shi

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. A lokacin an ce jihar Kano tana da mutum miliyan 9.4, kuma duk adadin da aka ji bayan nan hasashe ne aka ɗora a kan wancan. Hasashen zai iya yi wa mai tsara kasafin jiha amfani, amma idan aka gangaro unguwa ɗaya a Ungogo ko Kumbotso, inda gonakin jiya suka zama layuka cike da gidaje, ba ya gaya maka komai. Yara nawa ne suka isa shiga aji ɗaya bana? Jarka nawa ke shiga gida a rana? A wane lungu aka fi ƙwacen waya, kuma da ƙarfe nawa? Manyan bincike irin wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2021 suna ba da hoton jiha ne gaba ɗaya. Kano kuwa ƙananan hukumomi 44 ce da mazaɓu 484, kuma a cikin kowace mazaɓa akwai unguwannin da ba su yi kama da juna ba.

Wannan giɓin ne ƙaramin bincike na unguwa yake cikewa, wanda ƙungiyar ci gaban unguwa, ko kwamitin makaranta, ko ɗalibin Jami'ar Bayero da ke neman abin rubuta kundinsa zai iya yi. Ba kuɗi mai yawa yake ci ba. Abin da yake ci shi ne tsari, kuma yawancin binciken da ke lalacewa tun kafin a yi wa mutum na farko tambaya ya riga ya lalace.

A fara da tambayar da ke da mai ita. "Matsalolin ilimi a unguwar kaza" take ne, ba tambaya ba. "Yara nawa 'yan shekara 6 zuwa 11 ne ba su je makaranta ba a makon jiya, a wane layi suke, me ya hana su?" ita ce tambaya, domin akwai wanda amsar ta hau kansa: hedimasta, kwamitin kula da makaranta, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Kafin a buga takardar tambayoyi, a rubuta a gaban kowace tambaya wanda zai yi wani abu idan ya ji amsarta. Wadda ba a samo mata kowa ba, a cire ta. Da haka takarda mai tambaya 90 takan dawo 30, kuma hirar da ta wuce minti 25 matar gida za ta fara amsawa da "eh" kawai don ta koma kan tukunyarta.

Sai izini. Ana shiga unguwa ta ƙofar mai unguwa, shi ya kai magana ga dagaci, idan abin ya kai, har ga hakimi. A sanar da kansila da limamin masallacin Juma'a, idan kuma za a taɓo maganar tsaro a sanar da DPO. Amma a yi hattara da abu ɗaya: sanarwar da aka yi a masallaci kada ta bar mutane da zaton rabon tallafi ne. Da zarar an zaci rajistar tallafi ce, gidan mutum 7 zai zama na 15, kuma duk yaro zai zama maraya. A faɗa fili cewa ba a raba komai, a kuma maimaita a bakin kowace ƙofa.

Jerin gidaje

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci. A buga hoton unguwar daga Google Earth a babbar takarda, a zauna da mai unguwa da dattawa biyu ko uku a ja iyaka da jan biro, domin iyakar da ke takardar hukumar zaɓe da wadda mutane suka sani ba kullum suke haɗuwa ba. A raba unguwar zuwa yankuna, kowane yanki ƙofa 80 zuwa 100, a ba shi harafi. Sannan a bi da ƙafa, layi-layi, ana rubuta lamba da alli a jikin kowace ƙofa: A1, A2, har ƙarshe.

Ƙofa ɗaya ba iyali ɗaya ba ce. A cikin birni ƙofa ɗaya tana iya ɗauke da maigida da ƙannensa uku, kowa da iyalinsa. A gidan haya kuwa ɗaki-ɗaki ne. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne tukunya: waɗanda suke kwana a gida ɗaya, suke ci daga girki ɗaya, su ne iyali ɗaya. Mata biyu masu rabon girki a ƙarƙashin miji ɗaya iyali ɗaya ne. Ɗan'uwan da ke cefanensa daban iyali ne daban, sai a ba shi A12/2. Idan ba a tsayar da wannan tun farko ba, kowane mai ƙirga zai yi yadda ya ga dama, kuma lissafin ruwan da kowane mutum ke samu zai fito a karkace.

Akwai waɗanda jerin ƙofofi ba ya kamawa: almajiran da ke kwana a zauren malam, 'yan cirani da ke kwana a shago ko kango, masu gadi, 'yan garuwa da suka haɗu su goma a ɗaki ɗaya. A yi musu jeri na daban, kowace tsangaya da adadin ɗalibanta. Waɗannan su ne suka fi fama da ƙarancin ruwa da rashin bandaki, su ne kuma aka fi kamawa da daddare, don haka binciken da ya tsallake su ya tsallake rabin maganar.

Idan jerin ya kammala, sai a zaɓi gidajen da za a yi wa cikakkiyar hira. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe sama da tsakiya da ƙasa. Gidajen bakin titi da na abokan mai unguwa su ne bakin buhu. Lissafin da aka saba shi ne iyalai 384 idan ana son kuskuren kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa. Idan unguwar gaba ɗaya iyalai 2,000 ce, adadin yana sauka zuwa wajen 322, sai a ce 330. A raba 2,000 da 330, ya ba da kusan 6. A rubuta 1 zuwa 6 a ƙananan takardu, a sa yaro ya ɗauki ɗaya. Idan 4 ta fito, iyalan da za a shiga su ne na 4, na 10, na 16, haka har ƙarshen jeri. Wanda ba shi da ƙarfin wannan ya yi 100, amma ya san kuskurensa ya kai kashi 10: idan ya sami kashi 30, gaskiyar tana tsakanin 20 da 40.

Idan aka je gida ba a sami kowa ba, a dawo har sau uku a lokuta mabambanta. Kada a shiga na maƙwabci don a cike gurbi. Gidan da kullum ake samunsa a rufe galibi na wadda ke fita aikatau ne ko mai zuwa kasuwa, kuma 'ya'yanta ne suka fi yiwuwar rashin zuwa makaranta.

Masu hira su kasance mata ne mafi yawa, saboda namiji baƙo iyakarsa zaure, alhali wadda ta san jarka nawa aka saya jiya da yaron da bai je makaranta ba tana ciki. Maigida yakan ba da amsar yadda ya kamata abu ya kasance, uwargida ta ba da yadda yake. Kada a tura mai hira layin gidansu. Mutum 6, kowa hira 8 a rana, za su gama 330 cikin mako guda. A yi musu horon kwana biyu, a gwada takardar a gida 20 na wata unguwa, a gyara tambayoyin da suka sa aka ce "me kike nufi?". A rubuta tambayoyin da Hausa tun asali. Idan aka bar kowa yana fassarawa da baki, an yi tambaya shida ke nan maimakon ɗaya. Manhajar KoboCollect kyauta ce, tana aiki ba intanet, tana kuma ajiye lokacin fara hira da na gamawa da inda aka tsaya. Hirar da aka gama cikin minti 4 a gindin bishiya aka cike ta. Mai sa ido ya koma gida ɗaya cikin kowane goma ya maimaita tambayoyi uku, ya gwada da abin da aka rubuta.

Makaranta

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Abin da ake son sani shi ne inda dokar ta tsaya a wannan unguwar. Ana buƙatar ƙirga iri uku, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya fi kowanne daga cikinsu amfani.

Na farko rajistar makaranta. Na biyu ƙirgar kai: a je ba sanarwa, a ƙirga yaran da ke zaune a kowane aji da ƙarfe 9, a sake ƙirgawa bayan hutun tara, wajen ƙarfe 11 da rabi. A yi haka sau uku a ranaku daban, ɗaya ta zama Juma'a, ɗaya ta zama ranar kasuwa idan akwai kasuwar mako a kusa. A ƙirga malamai ma, a bambanta wanda ya sa hannu a littafi da wanda ke tsaye a gaban allo. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A yi lissafin da malaman da aka gani a aji, a sake yi da waɗanda ke takardar albashi, a ajiye su gefe da gefe. Na uku abin da gidaje suka faɗa. A nan kada a tambaya "yana makaranta?", kowa zai ce eh. A tambaya: "A makon jiya kwana nawa ya je?" sannan "wace iri?", a ware boko ta gwamnati, boko ta kuɗi, Islamiyya mai haɗa darussan boko, Islamiyya zalla, da makarantar allo. Alƙaluman hukuma suna lissafa yaron da ke makarantar allo kaɗai a cikin waɗanda ba sa zuwa makaranta, iyayensa kuwa ba haka suke ganinsa ba. Idan an ware tun a takarda, za a iya ba hukuma adadinta ba tare da an ƙaryata iyaye ba.

Shekarun yara matsala ce ta kanta. Inda ba takardar haihuwa ko katin rigakafi, amsa takan taru a 5, 7 da 10. A haɗa jerin abubuwan da kowa ya tuna: kullen korona na 2020, canjin kuɗi na farkon 2023, shekarar da aka naɗa mai unguwa, shekarar da ruwa ya ci layin kaza. "An haife shi kafin kulle ko bayansa?" ta fi "shekarunsa nawa?" kawo amsa.

Zuwa makaranta daban, iya karatu daban, kuma a ganina binciken da bai zaunar da yaro ya karanta ba bai taɓa batun ilimi ba tukuna. Gwajin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, wanda aka yi aiki da irinsa a makarantun Wudil da Dawakin Tofa, takarda ɗaya ce tak, da matakai biyar: bai fara ba, baƙi, kalma, sakin layi, labari. Ana farawa daga sakin layi mai jimla huɗu. Idan yaro ya karanta da kuskuren da bai wuce uku ba, a kai shi labari. Idan ya kasa, a sauko da shi kalmomi, ya zaɓi biyar ya karanta, huɗu daidai ya ci. Idan ya kasa, a sauko baƙaƙe. Lissafi ma haka: gane lamba 1 zuwa 9, 10 zuwa 99, ɗebewa mai aro, sai rabawa. Minti 10 ya isa yaro ɗaya. A yi gwajin a gida, domin a makaranta malami zai turo na gaban aji, kuma ba za a ga wanda bai zo ba. A shirya takarda iri uku don kada ƙane ya haddace abin da ya ji yayansa ya karanta. A haɗa da gajeren rubutu na ajami. Akwai yaran da za su tsaya cak a boko su karanta wannan tiryan-tiryan, kuma malamin da zai koyar da su ya kamata ya san haka.

Tambayar "me ya hana shi zuwa?" a bar ta a buɗe, a rubuta abin da uwa ta faɗa da bakinta, daga baya a kasa amsoshin. "Talauci" ba amsa ba ce da za a yi aiki da ita. Kuɗin inifom ne, ko kuɗin tara, ko talla, ko layin ruwa, ko tsallaka babban titi, ko rashin bandaki ga 'yan mata manya? Kowanne da maganinsa daban, da kuma wanda ya kamata a je wurinsa.

Sintiri

Wannan ɓangaren ya fi sauran haɗari, don kuskure a cikinsa yana iya sa a daki wani. Ƙa'ida ta farko: ba a rubuta sunan wanda ake zargi, ko da mai amsa ya faɗa. Bincike yana neman me ya faru, a ina, yaushe, an kai wa wa ƙara, me ya biyo baya. Wane ne ya yi, aikin 'yan sanda ne da kotu.

Littafin caji ofis ba ya nuna yawan laifi, yana nuna yawan wanda aka kai ne. Shi ya sa masu nazarin tsaro, irin su Gidauniyar CLEEN, suke tambayar mutane kai tsaye abin da ya same su. A unguwa ma haka za a yi, laifi-laifi: ƙwacen waya, haura gida, fasa shago, satar babur, satar dabba, rauni a faɗan daba. A ɗaure lokacin da abin da ba a mantawa, a ce "daga ƙaramar sallah zuwa yau". Idan aka ce "cikin shekara ɗaya", mutum zai jawo satar shekara uku baya ya saka, don har yanzu tana yi masa ciwo. A kuma tsaya kan abin da ya sami mutanen wannan gidan; idan aka bari ana ba da labarin maƙwabta, sata ɗaya za ta shiga takarda sau goma.

Tambayar da ta fi kowace bayyana yanayin unguwa ita ce ta wurin da aka kai ƙara: 'yan sanda, 'yan sintiri, mai unguwa, Hisbah, ko ba a kai ko'ina ba, da dalili. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a yana nan tun 1984, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma har zuwa ofisoshin yanki. A duba ko na wannan yankin yana zama, yaushe ya yi zaman ƙarshe, akwai mace ko matashi a cikinsa, kuma cikin gidajen da aka yi wa hira nawa ne suka taɓa jin labarinsa.

Su kansu 'yan sintiri a zauna da su daban. Mutum nawa ke fita a dare, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, tocila nawa ke aiki, nawa kowane gida ke bayarwa a wata, gida nawa ke biya da gaske, wa ke riƙe kuɗin. Ƙungiyoyin sintiri da yawa ba ɓarawo ke rusa su ba, rigimar kuɗin karo-karo ce. A ba su littafi mai layi shida: kwanan wata, lokaci, wuri, abin da ya faru, abin da aka yi, lokacin da aka miƙa wa 'yan sanda. Layin ƙarshen nan shi ne mafi muhimmanci. Doka ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma sai ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Su ma 'yan sandan, sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba su kwana ɗaya su kai mutum kotu idan akwai kotu cikin kilomita 40. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta haramta azabtar da wanda aka kama. Don haka a tambayi gidaje, ba a gaban ɗan sintiri ba, ko an taɓa dukan wani nasu ko tsare shi ko karɓar masa kuɗi. Binciken da ya auna raguwar sata ya bar wannan, rabin ma'auni ya yi.

Daga nan a koma kan taswira, a ɗiga jan biro a duk inda abu ya faru, a rubuta lokaci. Ɗigon yakan taru a wurare kaɗan: lungun da fitilarsa ta mutu, kangon da ba a gama ba, bakin kududdufi, tashar adaidaita. Wani wurin fitilar sola ɗaya yake nema, ba ƙarin mutum biyar da gora ba. Idan an yi gyara, a sake aunawa a layukan da ke kewaye, saboda ƙwace yakan matsa gaba ne kawai. A kuma gwada lokaci da irinsa: watan hawan sallah ko na kamfe ba a gwada shi da watan da gari ke shiru. Idan gida 20 suka ce an yi musu sata bara, bana 16, wannan bai isa a ce an samu sauƙi ba. Ƙaramin adadi yana hawa da sauka da kansa.

Ruwa da shara

Ruwan famfon Kano yana fitowa ne daga matatun Challawa, Tamburawa da Watari, amma unguwanni da dama rayuwarsu a kan rijiyar burtsatse da kurar ɗan garuwa take. A yi jerin duk wurin ɗibar ruwa: famfo, tuƙa-tuƙa, burtsatse mai tanki, rijiya, da mai shi, da ko yana aiki a ranar da aka je. Wanda ya tsaya, a tambayi tun yaushe da abin da ya lalace. Sau da yawa ƙaramin abu ne, robar cikin tuƙa-tuƙa ta cinye ko injin ya ƙone saboda an bar shi yana jan iska bayan ruwa ya ja baya, sai aka rasa wanda alhakin gyara ke kansa.

Auna ƙarfin ruwa bokiti da agogo kawai yake so. Idan bokiti mai lita 20 ya cika cikin daƙiƙa 40, rabin lita ke nan a daƙiƙa, lita 1,800 a awa. Idan injin yana aiki awa 6 a rana, lita 10,800, wato abin da zai ba mutum 540 lita 20 kowanne, wanda shi ne mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa don sha da girki da 'yar tsafta. A yi awon a Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan yana zama ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, shi ya sa burtsatsen da ke ambaliya a Satumba zai iya yin tari a bazara.

A gida a tambayi jarka nawa aka shigo da ita jiya, ba "kullum" ba. A duba jarkar da ido, akwai mai lita 20, akwai mai 25. Iyalin mutum 8 da suka sayi jarka 6 mai lita 25 sun sami lita 150, kowa bai kai 19 ba. A rubuta farashi, wa ya ɗebo, da ƙarfe nawa, minti nawa zuwa da dawowa har da layi. Ma'aunin duniya shi ne kada ya wuce minti 30. A nan ne amfanin yin bincike ɗaya a kan jerin gidaje ɗaya yake fitowa. Tunda lambar gidan ɗaya ce, za a iya duba ko yaran da ke fashin makaranta su ne masu layin ruwan safe, da ko hanyar burtsatsen da 'yan mata ke bi bayan magariba ta ratsa inda jan ɗigo ya taru. Ofishin ilimi, na ruwa da na 'yan sanda kowanne nasa yake kallo, babu mai ganin wannan haɗin sai wanda ya ƙirga su tare.

Tsaftar ruwa kuma a auna ta a wuri biyu, bakin famfo da cikin randa, don ruwa mai kyau yakan gurɓata a jarkar da ba a wankewa ko a moɗar da kowa ke tsoma hannu. Akwai 'yar kwalbar gwaji da ke yin baƙi cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan akwai alamar ƙwayoyin bahaya. Ta isa a gane inda za a ɗauki ruwa a kai ɗakin gwaji. A auna tazarar rijiya da masai da tef. Mita 30 ake so, a filotin birni kuwa da wuya a samu rabin haka.

Shara ba ta da wuya. A zaɓi gida 30, a ba su buhu, a riƙa karɓa kullum har kwana 8. A zubar da ta ranar farko ba awo, domin ranar ce ake kwaso tsohuwar shara. A auna sauran a sikeli, a raba da yawan mutane da kwana 7, sannan a baje a ware: ƙasa da toka, ragowar abinci da kashin dabba, leda, roba, ƙarfe. Nauyi yakan tafi ga ƙasa da toka, abin da manoman kewayen Kano suka daɗe suna ɗiba a matsayin taki, amma leda ce ke toshe kwata. Wannan adadin shi za a kai wa hukumar kwashe shara ta REMASAB a ce mota kaza ake buƙata a mako. A zaga kwatoci a watan Mayu a sa alama inda suka cushe, a sake zagawa washegarin babban ruwan Agusta a ga inda ruwa ya kwanta.

Bayan an gama

Sunaye da lambobin waya a ajiye su daban da amsoshi, a hannun mutum ɗaya. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi ƙaramar ƙungiya kamar yadda ta shafi banki. Taswirar da za a nuna wa jama'a ta tsaya a kan layi, kada ta nuna gida. Yaro kuma ba a gwada shi sai da yardar iyayensa, ko malaminsa idan almajiri ne.

Rahoton ya zama shafi biyu da Hausa: adadi biyar ko shida, taswira ɗaya, buƙata uku, kowace da ofishin da ta shafa da kiyasin kuɗinta. A fara karanta shi a ƙofar gidan mai unguwa, a yi wa mata zama nasu a makarantar Islamiyya, tun kafin a kai shi ofis. Mutanen unguwa za su kama kuskuren da mai bincike bai gani ba, kamar burtsatsen da aka rubuta yana aiki alhali mai shi ya daina sayar wa jama'a. Lokacin kai shi hukuma ma abin lura ne: ana haɗa kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, don haka rahoton da ya isa ofis a Fabrairu sai ya jira wata shekarar. Abin da bai buƙatar kasafi, kamar matsar da lokacin buɗe burtsatse zuwa bayan asuba don yara su gama ɗiba kafin ƙarfe 7 da rabi, ko sauya hanyar da 'yan sintiri ke bi, a fara shi a makon. Jerin gidajen kuwa a bar kwafinsa wurin mai unguwa da kwamitin makaranta, a sabunta shi kowane Agusta, kafin a buɗe sabuwar shekarar karatu a Satumba, don a san yaran da suka cika shekara 6 a kowane layi.